Labarin mashaya jini a tsakiyar birni

Malama, kin ce labarinki na masu farautar mashaya jini da masu rikiɗa ya koma faɗa bayan faɗa, mai karatu na gajiya. Siyasar ce babu. Tsara wa ke riƙe da wace unguwa da dare, wa ke karɓar haraji, wa ya karya alkawari. Sannan kowa ki sa masa lago: mashayin jini na labaran Turawa, rana da tafarnuwa ke karya shi. Ni da na rubuta mai rikiɗa kura a Kano, sai da na zauna da masu wasa da kura. Kada ki liƙa wa wata ƙabila maita, zargin yana jawo kisa. In za ki taɓo aljanu kuwa, tuntuɓi malami tukuna.