Na danna "Don't Save", babi guda ya tafi

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Kabuga, yawancin masu kawo min aiki ɗaliban Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ne. Jiya da magariba ina sauri na rufe Word, akwatin nan mai tambaya ko a adana aikin ya fito, kafin in ankara na danna "Don't Save". Babi guda na aikin wata ɗaliba ya tafi. Akwai dabara?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, kada ka fid da rai. Buɗe Word ka shiga File, sai Info, sai Manage Document, ka zaɓi Recover Unsaved Documents. Idan ba ka taɓa adana takardar ba ko sau ɗaya, Word kan riƙe kwafinta na kwana 4, don haka kar ka bari sai wani satin. In kuwa tsohon fayil ne ka yi wa ƙari, buɗe shi ka duba wannan wurin dai, za ka iya tarar da kwafin da aka rufe ba a adana ba.

Sai dai ba lallai komai ya dawo ba. Word yana ɗaukar kwafi ne duk bayan minti 10, abin da ka buga bayan kwafin ƙarshe ya tafi ke nan. Shiga File, sai Options, sai Save, ka mai da lokacin ɗaukar kwafin minti 2. A garin nan da wuta kan ɗauke ba sallama, minti 10 ya yi yawa.

Ni dai ban ga laifinka sosai ba. Akwatin da ke fito maka kullum, hannu ya riga ya haddace inda zai danna, ido ba ya ƙara karantawa. Tun 2007 Aza Raskin, masanin tsara manhaja, ya ja hankali cewa gargaɗi ba ya hana kuskure, gara a ba mutum hanyar janye abin da ya yi. Dubi Gmail: ba ya tambayarka ko ka tabbata, sai ya ba ka daƙiƙa 5 zuwa 30 ka janye saƙon. Manhajar rubutu ta Notepad a Windows 11 ma tun 2023 in ka rufe shi yakan riƙe rubutunka, ka dawo ka tarar da shi.

Kafin ka buga ko harafi ɗaya na sabon aiki, ba fayil ɗin suna ka adana, sannan ka saba wa yatsunka Ctrl da S a ƙarshen kowane sakin layi. Yaran shagonka ma ka koya musu.