Manaja ya gayyace ni in zama faston ma'aikata, 'yan ƙungiya kuma ba su yarda da ni ba

Tambaya: Ni fasto ne a wata ƙaramar ikilisiya a Kaduna. Manajan wani kamfanin robobi, wanda dattijo ne a cocinmu, ya ce in riƙa zuwa sau biyu a mako ina yi wa ma'aikata addu'a da ba su shawara, kamfani zai riƙa ba ni alawus. Ma'aikatan suna da ƙungiyar ƙwadago, kuma yanzu haka ana takaddama kan ma'aikatan wucin gadi da kuɗin obatayim. Shugaban reshen ƙungiyar, wanda Musulmi ne, ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa an kawo ni ne in sanyaya musu gwiwa. In karɓa ko in bari?

Amsa: Fasto, sannu da hidima. Kada ka ji haushin shugaban reshen nan. Maganarsa tana da tushe, kuma wurinsa ya kamata ka fara komawa kafin ka ba manaja amsa.

An taɓa yin abin da yake tsoro. A 1929 ma'aikatan masaƙar Loray da ke Gastonia, a jihar North Carolina ta Amurka, suka shiga yajin aiki. A yankin, masu masaƙu ne ke taimakawa wajen gina majami'u, su ne kuma ke cika wa fastoci albashi. Da rikici ya tashi, yawancin fastocin ba su tsaya wa ma'aikata ba. Ban ce mugayen mutane ba ne. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk ma'aikacin da ya ga an kawo fasto ana tsakiyar takaddama, abin da zai fara tambaya shi ne wa ke biyansa.

Tsarin da na fi amincewa da shi na Sheffield ne a Ingila. A 1944 Bishop Leslie Hunter na ɗarikar Anglika ya tura Ted Wickham cikin masana'antun ƙarfe na birnin. Ikilisiya ce ta aike shi, ba kamfani ne ya ɗauke shi aiki ba, kuma da yardar shugabannin kamfani da ta ƙungiyoyin ƙwadago ake shiga. Ba a tsayar da inji don a saurari wa'azi. Lokacin hutun cin abinci yake zuwa, ya tsaya inda mutane suka zauna, a yi muhawara, mai son ya tanka ya tanka, mai son ya tashi ya tashi.

Saboda haka shawarata ita ce ka karɓi aikin, ka bar kuɗin. Ka kai maganar gaban majalisar dattawa da shugabannin gundumarku, ikilisiya ta ɗauki nauyin kuɗin motarka. In kamfani ya dage sai ya ba da wani abu, ya sa shi a asusun taimakon ma'aikata, wanda wakilin ƙungiya ke cikin masu sa hannu. A rubuta 'yar yarjejeniya, shafi ɗaya ya isa, kamfani ya sa hannu, ƙungiya ta sa, kai ma ka sa. A ciki a bayyana cewa ba a tilasta wa kowa ganinka, kuma ba ka kai rahoton kowa ofis. Ga wani abu da ba ka tambaya ba amma ya dame ni: manajan dattijo ne a cocinka, wato yana cikin masu tattauna albashinka. Ku zauna ku biyu ku warware wannan tun yanzu, kada ranar da za ka saɓa masa a kamfani ta bi ka har majalisar dattawa.

Riƙe sirri shi ne jarin aikin nan gaba ɗaya. Wani zai ja ka bayan sito ya ce yana shan tiramadol don ya iya jure aikin dare. Wata za ta ce mai kula da sashensu yana matsa mata. Wani bashi ne ya ci rabin albashinsa tun kafin ya shigo hannu. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan maganganu ta fito daga bakin manaja, ko da da kyakkyawar niyya ka faɗa, ka gama aiki a wurin. Iyakar abin da za ka fasa sirri a kansa shi ne inda rai ke cikin haɗari, kuma ka sanar da su haka tun farko.

Ka kuma san doka daidai gwargwado. Idan inji ya datse wa yaro yatsu, ka je asibiti ka yi addu'a, amma kada ka tsaya nan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani kuma ya kai rahoto ga NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikata, cikin kwana 7. Iyalai da yawa ba su san wannan ba, sai a ba su kuɗin magani su yi godiya su tafi. Ba kai za ka bi takardun ba, aikin ƙungiya ne, naka shi ne ka haɗa matarsa da sakataren reshe tun lokaci bai ƙure ba.

Kada kuma wani ya sa ka ɗauki ƙungiyar ƙwadago abokiyar gābar bishara. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta hana a bar ladan ɗan ƙodago ya kwana. Yaƙub 5:4 ya ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya amince da 'yancin ma'aikata na kafa ƙungiya, sashe na 40 na tsarin mulkin Najeriya ma ya tabbatar da shi. Idan za ka karanta wa ma'aikata Kolosiyawa 3 kan yin aiki da zuciya ɗaya, ka karanta wa manaja aya ta farko ta sura ta 4, wadda ta umarci iyayengiji su yi adalci.

Amma kai ba jami'in ƙungiya ba ne. A Faransa limaman Katolika sun shiga masana'antu a matsayin leburori bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu har suka riƙe muƙamai a ƙungiyar ƙwadago ta CGT, wadda 'yan gurguzu ke jagoranta. A 1954 Roma ta dakatar da su, sai 1965 aka sake buɗe ƙofar. Na fi jin tausayin limaman fiye da waɗanda suka dakatar da su, duk da haka ba zan ce ka hau teburin ciniki ba. Akwai waɗanda aka zaɓa don wannan.

Batun addini kuwa, a Kaduna kake. Tun rikicin 2000 gari ya rabu, kowa ya koma gefen kogin da ya fi samun kwanciyar hankali, kuma wurin aiki na cikin 'yan wuraren da Musulmi da Kirista suka rage suna cin abinci tare. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tsaya a 2002, waɗanda suka shafe shekaru suna jiran hakkinsu kuwa har da masu zuwa masallaci da masu zuwa coci. Kada zuwanka ya raba ƙungiyar gida biyu. Ka ba da shawara a gayyaci limami shi ma, bisa sharuɗɗa iri ɗaya. Musulmin da ya zo maka da damuwa ka saurare shi, kada ka mai da damuwarsa ƙofar wa'azi.

Idan yajin aikin ya tabbata, kada ka shiga harabar kamfani ka yi sujada da waɗanda suka ƙi bin umarnin ƙungiya, za a ce ka zaɓi ɓangare. Ka bi mutane gida, musamman ma'aikatan wucin gadi, domin su ne ba su da ajiya kuma su ake fara sallama. Zumuntar mata za ta iya haɗa masara da shinkafa. In manaja ya ce ka roƙe su su koma aiki, ka ce masa wannan ba ya cikin yarjejeniya, amma kana iya zama shaida idan ɓangarorin biyu suka nema. In kuwa ya ƙi yarda ƙungiya ta sa hannu tun farko, to ka ba shi haƙuri, ka ci gaba da ganin ma'aikatan a gidajensu da majami'a.