Filin Tambayoyinku: Juya Waƙar Fim Ta Koma Barkwanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'abocin waƙoƙin Kannywood ne, kuma ina son in riƙa canza musu baiti don ban dariya kamar yadda ake yi a TikTok. Sai dai in na ɗora kalmomina a kan kiɗan, sai in ji suna tuntuɓe ko da yawansu ya zo daidai. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙirga kalmomi ba ya aiki a waƙar Hausa, gaɓoɓi ake ƙirgawa, kuma ƙirgar ma ba ta isa ba sai an auna nauyinsu. Gaɓar Hausa iri biyu ce. Akwai mara nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "mu" ko "ki". Akwai mai nauyi, wadda ke da dogon wasali ko tagwan wasali ko ta rufe da baƙi, kamar "zo", "zau" da "ɗin". Mai nauyi tana cin kusan ninkin lokacin mara nauyi a bakin mawaƙi, kuma a kan wannan aka gina karin waƙar. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, shi ya sa ido ke yaudarar mai rubutu.

Ga ɗango, wato layi ɗaya na waƙa, da muka ƙirƙira don misali: "Masoyiyata ki zo mu zauna." Gaɓa 10 ne, ta ɗaya da ta uku da ta shida da ta takwas marasa nauyi, sauran masu nauyi. In ka ce "Kuɗin wuta ya hana ni kwana", ya hau daram, har amsa-amon "na" bai ɓace ba. Amma ka ce "Kuɗin mota ya hana ni kwana": gaɓa 10 ne shi ma, sai dai "mo" mai nauyi ce ta zauna a gurbin mara nauyi, dole ka guntule ta ko ka makara wa kiɗa. Tuntuɓen da kake ji ke nan.

Saboda haka rubuta ɗangon asali, ka rarraba shi gaɓa-gaɓa, ka ja layi a ƙarƙashin masu nauyi, sannan ka zuba naka a kai. Rera shi da ƙarfi kafin ka amince da shi, domin wata kalmar in ta bi hawa da saukar muryar waƙar sai ta koma wata kalma daban. Kada ka taɓa amsa-amon amshi, da shi mai sauraro ke gane waƙar da kake tsokana. Kuma ajiye abin dariyar a ƙarshen ɗango. Baiti biyu da amshi sun wadatar. Wanda ya juya waƙar minti biyar gaba ɗaya, kafin ya kai rabi an wuce shi.

Tambaya: Mun ɗauki bidiyo da ƙawayena muna bin waƙar da muka rera, amma da muka haɗa sai baki ya yi gabas murya ta yi yamma. A farko daidai yake, can gaba sai ya zame. Me za mu yi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, ciwo biyu ne ke kawo wannan, kuma kin faɗi alamar na biyun. In tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, yawanci lasifikar Bluetooth ce: sautinta na makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuna bin abin da kuka ji, manhaja kuma tana ɗora waƙar a kan nata lokacin. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi, wayar ce ke canza yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, musamman in haske ya yi ƙaranci ko ta yi zafi.

A fara gama murya tukuna, a haɗa ta da kiɗa ta zama fayil ɗaya. A sa tafi guda mai ƙarfi a farkon fayil ɗin, daƙiƙa biyu kafin kiɗa ya shigo. A kunna shi daga wata wayar daban, a bar makirufon wayar da ke ɗauka a buɗe don ya kama sautin. A manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ko makamanciyarta, tafin zai fito kamar tsini a zanen sauti. A daidaita tsinin bidiyo da na fayil, sannan a kashe sautin bidiyon. A saita kyamara kan hoto 30 a daƙiƙa, a kashe saitin da ke canza shi da kansa, a ɗauka a wuri mai haske, kuma gutsure-gutsure, kowane kada ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 30. Kuskuren hoto biyu ko uku kawai ido na kama shi. Ku rera da murya sosai lokacin ɗauka, domin mai motsa leɓe kawai wuyanta da numfashinta na tona ta. In za ku tura wa juna ta WhatsApp, ku tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya dusashe.

Tambaya: Malam, me ya sa muryar waƙar fim take da wannan zaƙin da karkarwa, tawa kuma in na ɗauka a waya sai ta fito a bushe? Daga wani tela a Kumasi.

Amsa: Maigida, ba maƙogwaro ne kaɗai ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 sutudiyoyin Kano suka dogara da fiyanon Yamaha wajen kiɗa, suka ɗauki tsarin fim ɗin Indiya na mawaƙi ya rera ɗan wasa ya bi da baki, daga baya Auto-Tune, wato manhajar daidaita murya, ya shigo. Karkarwar tana fitowa ne in an sa shi ya gyara murya nan take. Manhajar BandLab tana da irinsa kyauta, amma sai ka zaɓa masa matakin sautin da kiɗan yake kai, in ka kuskure zai fitar da muryarka daga kan kiɗan. Ɗauka a ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, baki ya yi taƙi ɗaya daga makirufo, sannan a ƙara ɗan amon ɗaki daga baya. A barkwanci kam a rage shi, domin in kalma ba ta fita ba dariya ba ta zuwa.

Tambaya: YouTube ta ce bidiyona yana ɗauke da kayan wani, alhali kalmomin nawa ne, kuma na rubuta cewa kiɗan ba nawa ba ne. Za a rufe mini tasha? Daga wani mai shagon waya a Kano.

Amsa: Malam, duba saƙon da kyau. In da'awar Content ID ce, wato na'urar ta gane kiɗan, tasharka ba ta cikin haɗari. Mai kiɗan na iya karɓar kuɗin tallan bidiyon, ko ya toshe shi, ko ya ƙyale. In kuwa mai haƙƙi ne ya nemi a sauke bidiyon, wannan gargaɗi ne, kuma uku cikin kwana 90 na iya rufe tasha. Rubuta "ba nawa ba ne" ba ya kare kowa, haka zancen wai in bai kai daƙiƙa 30 ba babu laifi, ba shi da tushe.

Waƙa tana da haƙƙi biyu: na tsararren kari da baiti, da na sautin da aka naɗa a sutudiyo. Wanda ya cire murya da manhaja ya hau kan kiɗan, sautin mutane ya ɗauka kai tsaye, ga kuma ragowar muryar mawaƙi tana kuwwa a ƙasa. Gara ka biya makaɗi ya buga maka sabo. Wannan ya fitar da kai daga haƙƙi na biyu, na farko yana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta sa kwaikwayon barkwanci da zambo cikin amfanin da aka halatta, amma tana duba manufarka, da yawan abin da ka ɗiba, da ko ka kashe wa mai asali kasuwa. Kana iya ƙalubalantar da'awar, mai ita yana da kwana 30 ya amsa. Shawararmu dai, a Kano mawaƙi ba nisa gare shi ba: nemi izininsa a rubuce, ko da saƙon waya ne, ka adana.

Abin da ya fi kai mutane kotu a nan ma ba kiɗa ba ne, baiti ne. A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon barkwancin da aka ce ya ɓata sunan gwamnan lokacin. Tsokani hali, tsadar kaya, ɗauke wuta, surukai da 'yan bashi, amma kada ka jingina wa wani mai suna laifin da ba za ka iya tabbatarwa ba, kuma ka yi nesa da juya waƙar bege ko wani abu na addini zuwa raha.