Amsa ga ɗan'uwan da ke son haɗa wa tsuntsaye mazubin hatsi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son fara koyon kafinta da ɗan abin da za ka riƙa zuba wa tsuntsaye hatsi a tsakar gida, kana tambayar wane katako za ka saya da waɗanne kayan aiki. Na haɗa irinsa sau uku a gidana a Tudun Wada, na farkon bai kai ƙarshen damina ba.

Kada ka sayi sabon falanki. Leƙa Panteka ko wajen kafintan unguwarku ka nemi guntayen da suka rage, sau da yawa kyauta ma za a ba ka. In ka dace da madaci ko iroko ka more, suna jure ruwa da gara, sai dai suna da tauri a hannun sabon shiga. Malaina ta fi daɗin yanka. Filawud kam ka rabu da shi, ruwa biyu zai sha ya fara ɓarewa fallefalle. Kayan aiki kuwa zarto, hama, tef na awo, samfefa da ƙusa mai inci 2 sun ishe ka. Kafin ka buga ƙusa kusa da bakin katako, ɗan daki tsininta da hama ya dakushe, ba za ta tsaga maka katakon ba. Wani tsohon kafinta ne ya nuna mini wannan bayan na tsaga guda huɗu a gabansa.

Inda nake so ka fi mayar da hankali shi ne ruwa. Nawa na farko akwati na yi, na liƙe ko'ina tsaf da gam, ina ta murna. Da ruwan Agusta ya kankama sai ya kwanta a ciki, geron ya jiƙe, ya yi funfuna, wani har ya tsiro. Hatsi mai funfuna yana cutar da tsuntsu, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, ga shi da niyyar alheri na zuba. Saboda haka ka yanka gindi kamar inci 12 a kan inci 10, ka kewaye shi da ɗan baki mai tsawon inci 1 da rabi, amma ka bar kafa a kusurwoyin nan huɗu ruwa ya riƙa zurarewa. Ka kafa sanduna biyu masu tsawon inci 8, ka ɗora rufi mai gangara wanda ya zarce gindin da inci 2 ta kowane gefe. Guntun kwano ma yana yi, in dai ka lanƙwashe bakinsa. Fenti a waje kawai. Baƙin man da ake shafa wa katako saboda gara kuwa, kada ya kusanci inda hatsi zai zauna.

Ka rataye shi da waya a reshen mangwaro ko darbejiya, sama da kan mutum kaɗan, nesa da katanga don kada mage ta samu wurin dirowa. Cikin tafin hannu ɗaya na gero ko tsakin dawa da safe ya isa, in ya kwana ɓeraye ka gayyato. Duk mako ka kakkaɓe shi ka goge.

Kada ka karaya in kwana biyar sun wuce babu wanda ya sauka, sai sun saba da ganinsa. A wajena kurciyoyi ne suka fara zuwa, sannan gwara da marai. Da zafin Maris ya shigo ka ajiye musu ruwa a kasko daga gefe, kana sauyawa kullum, a lokacin sun fi rububinsa a kan hatsin. In ka yanka katakon ka turo hoto kafin ka buga ƙusa, mu duba maka awon.