Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Jirgin Iska da Leƙen Ƙarƙashin Teku a Legas

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: fita yawon shaƙatawa a teku, mutum shida zuwa takwas a jirgi ɗaya, tare da leƙen kifi da gilashin fuska da bututun numfashi. Ga biyar daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu takwas ne, 'yan kasuwa. Muna son ɗaukar jirgin ruwa mai tafiya da iska na yini guda, mu tsaya wani wuri mu kalli kifaye a cikin ruwa, irin abin da muke gani a bidiyon Zanzibar. Ana samun haka a Legas? Daga wani mai karatu, Mile 12.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yawon jirgi kam Legas za ta biya muku buƙata. Kallon kifi ne sai kun rage buri. Abin da ke ƙawata ruwan Zanzibar da na Bahar Maliya wajen Jidda shi ne murjani da ruwa garai-garai. Gaɓar Legas yashi ce da laka, ga kogin Ogun da sauran rafuka suna zubo jan ruwa cikin babban tafkin Legas, shi kuma ya amayar da shi cikin teku ta bakin tashar jiragen ruwa. Sau da yawa mai leƙe ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Duk wanda ya yi muku alkawarin ruwan Zanzibar a nan, kuɗinku yake so.

Wurin da ya fi dacewa shi ne Tarkwa Bay, kusa da mashigar tashar. Katangun duwatsu da aka gina tun farkon ƙarni na 20 domin kare hanyar manyan jirage su ne suka tare masa igiyar ruwa, shi ya sa ya fi sauran bakin tekun Legas kwanciya. A gindin duwatsun nan ƙananan kifaye da ƙaguwa ke taruwa. Lighthouse Beach da ke bayansa, da ɓangaren teku na Ilashe da Ibeshe, suna fuskantar Atilantika kai tsaye. Ku je ku ci gasasshen kifi ku huta, amma ba wurin koyon leƙe ba ne.

Lokaci ya fi wuri muhimmanci. Ku nufi Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, laka ta ragu. Daga Yuni zuwa Satumba teku na tashi, ruwa na gurɓacewa. A cikin yinin ma akwai sa'ar da ta dace. Teku na cika sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan teku na cikowa, ruwan gishiri mai haske ne ke shigowa. Idan tana janyewa, ruwan tafki ne ke fita da dattinsa da leda da kainuwa. Saboda haka ku shiga ruwa awa ɗaya kafin cikar ta kai maƙura, ku fito da zarar ta fara juyawa. Ana samun jadawalin cikar tekun Legas a intanet, ku zaɓi ranar da cikar ta faɗo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 1 na rana. Lissafin watan Musulunci ma zai taimake ku: wajen tsayuwar wata da 14 zuwa 16 ga wata ruwa ya fi gudu da ƙarfi, wajen 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23 kuma ya fi lafawa. Ga sabon shiga, kwanakin lafawar sun fi.

Sai batun jirgin. Yawancin jiragen haya a Legas masu inji ne. Masu filafilai, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska, galibi na 'yan kulob ne, irin Lagos Yacht Club da aka kafa a 1932, kuma da yawansu ƙanana ne na tsere, mutum biyu ko uku suke ɗauka. Ku tambayi mai jirgi ƙarara: da iska za a tafi, ko inji za a kunna a bar ƙyallen a naɗe? Ku kuma tambayi inda za a hau, domin jirgi mai dogon sanda ba ya wucewa ƙarƙashin ƙananan gadoji. Kwale-kwale mai inji daga Falomo kan kai Tarkwa Bay cikin minti 15 zuwa 20. Jirgin iska gudunsa bai cika wuce kilomita 8 zuwa 11 a awa ba, kuma ba ya iya tunkarar iska gaba da gaba, sai ya riƙa yanke ta dama da hagu. Da yake iskar Legas daga kudu maso yamma ta fi kaɗawa, fita ta fi dawowa cin lokaci. A kwanakin hunturu kuwa tana iya mutuwa gaba ɗaya, a koma kan inji.

Tambaya: Me za mu duba kafin mu biya kuɗi? Ni ne mai tara kuɗin tafiyar, ba na son a ce na jefa mutane cikin haɗari. Daga wani malamin makaranta, Agege.

Amsa: Malam, ka je ka ga jirgin da idonka kafin ranar. Ka ƙirga rigunan ceto, kowa da tasa daidai jikinsa, maɗauran duk suna kamawa. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda gwamnatin jihar ta kafa a 2008, ta wajabta sa rigar a kan ruwa, kuma ba a yarda da zirga-zirgar jiragen fasinja da dare ba, don haka ku tsara dawowa tun da sauran rana. Ka nemi shaidar rajistar jirgin da adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka. A ƙirga har da matuƙi da yaronsa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tsani. Faɗawa ruwa daga jirgi ba wuya, hawowa ce aiki, musamman ga mai jiki ko wanda ya gaji. Tsanin ya nutse cikin ruwa da aƙalla mataki biyu ko uku. Ka duba anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, da igiyarta: ana sakin igiya ninki biyar zuwa bakwai na zurfin wurin, wato a ruwa mai mita 3 ana buƙatar mita 15 zuwa 21. Idan ta gaza, angar ba ta cizon ƙasa, jirgi ya riƙa silalewa alhali mutane na cikin ruwa. A samu rediyon jirgi mai tasha ta 16, wadda ake neman agaji ta cikinta, da akwatin magani, da isasshen mai na zuwa da dawowa da rara. Lambobin agajin gaggawa na Legas su ne 112 da 767. A sa wayoyi cikin jakar da ruwa ba ya shiga.

Ka gargaɗi mutanenka kan ƙarfen kwance da ke riƙe da gindin babban ƙyallen. Duk lokacin da jirgi zai juya, yakan sharo daga wannan gefe zuwa wancan daidai kan mutum. In matuƙi ya ce a sunkuya, a sunkuya. Jirgin iska kuma yana karkata gefe guda idan iska ta cika ƙyallen, wannan ba alamar kifewa ba ce, kada kowa ya zabura ya miƙe. Hanyar Tarkwa Bay ta ratsa inda manyan jiragen Apapa da Tin Can ke bi. Su ba sa iya tsayawa ko kaucewa da sauri, matuƙin kirki yakan jira su wuce ya bi ta bayansu. Wanda kuka ga yana son yanke gaban babban jirgi, ku yi masa magana nan take.

Tambaya: Na gwada gilashin ruwa sau ɗaya, ruwa ya yi ta shiga, gilashin ya yi hazo, na shaƙi ruwa ta bututun. Kayan ne ba su da kyau ko ni ne ban iya ba? Daga wani matashi, Obalende.

Amsa: Ɗan'uwa, matsala uku ka kawo, kowace da sanadinta.

Yoyo daga rashin dacewa da fuska yake zuwa. Kafin ka saya, ɗora gilashin a fuskarka ba tare da ka sa maɗaurin ba, ka ja numfashi kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya manne, naka ne. In ya faɗo, nemi wani. Mutane kan ɗauka ƙara matse maɗauri ne magani, alhali matsewar ce ke lanƙwasa robar gefen ta buɗe kafa. Gemu ba ya hana komai, gashin baki ne ke ɗaga robar a ƙarƙashin hanci. A rage shi daga sama kaɗan, ko a shafa masa ɗan man silikon. Ka tabbata gashin kai ko gefen hula bai shiga ƙarƙashin robar ba. Ka zaɓi mai gilashi na gaske wanda aka ƙarfafa, ba na roba irin na wasan yara ba.

Hazo kuwa, sabon gilashi na zuwa da wani ɗan maiƙo daga masana'anta. Ka goge cikinsa da farin man goge baki da yatsa, ka wanke, ka maimaita sau biyu ko uku. Ranar shiga ruwa ka ɗiga sabulun wanke kan jarirai ɗigo ɗaya, ko yawu, ka murza ka ɗauraye sama-sama. Sannan ka daina fitar da numfashi ta hanci, ɗumin nan ne ke komawa hazo.

Bututu tsawonsa bai kamata ya wuce santimita 35 zuwa 40 ba. Dogo ba ya ƙara amfani, domin iskar da ka fitar tana maƙalewa a ciki ka sake shaƙarta, kai ya fara ciwo. Shi ya sa ake numfashi a hankali, mai zurfi. Ka kwanta rub da ciki a kan ruwa, idonka na kallon gaba kaɗan. In ka sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, bakin bututun ya nutse, ruwa ya shigo. In ya shigo kada ka firgita: hura da ƙarfi sau ɗaya, sannan ka ja numfashin farko a hankali, harshenka a dasashin sama don ya tare ragowar. Ka koyi wannan a ruwan da bai wuce ƙugu ba, minti goma, kafin ka matsa. Gilashin nan mai rufe fuska duka, ba ma ba da shawararsa, musamman mai araha, saboda iskar da aka fitar na iya taruwa a ciki, kuma cire shi cikin gaggawa ya fi wuya. In za ka nutsa ƙasa, toshe hanci ka hura a hankali tun a mita na farko don kunne ya buɗe, in ya yi zafi ka taso. Kada ka yi ta jan numfashi da sauri kafin nutso don ka daɗe, mutane na suma a ruwa ta haka ba tare da wata alama ba.

Ba a leƙe mutum ɗaya. Biyu-biyu ake shiga, mutum guda ya zauna a jirgi aikinsa ƙirga kawuna kawai, kuma a kashe inji ɗungum kafin kowa ya kusanci farfela. A saki igiya mai abin yawo a ƙarshenta ta bayan jirgi, don wanda ruwa ya ja ya samu abin kamawa. Duwatsun katangar suna da ɓawo mai kaifi kamar reza, a kalle su daga nesa kaɗan, kada a dafa.

Tambaya: Ni da ƙannena mata da yarana biyu za mu je. Ban iya iyo ba, kuma ba zan shiga ruwa ba tare da sutura ba. Akwai mafita? Ya batun salla? Daga wata uwa, Idi-Araba.

Amsa: Akwai, Hajiya. Da rigar ceto a jiki, wadda ba ta iya iyo ba tana iya kwanciya a ruwan da ƙafarta ke taɓa ƙasa ta yi kallonta, wani da ya iya yana riƙe da hannunta. Daga bakin yashi za ki shiga, ba daga jirgi ba. Sutura kuwa, a nemi kayan iyo na mata masu rufe jiki: dogon wando, riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, da hular da ta kama kai da wuya, duk na yadi marar shan ruwa. Dogon hijabi da zane da abaya suna jiƙa su yi nauyi, su naɗe ƙafa ko su rufe fuska. A ajiye su a jirgi tare da babban tawul, a sa da an fito.

Yara a ba su rigar ceto ta nauyinsu, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Ta manya takan zame ta kai yaro ya sulɓe. Kowane yaro da babba guda da ke kula da shi, ba a bar wa "kowa" ba.

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar. Alƙibla daga Legas tana gabas, a ɗan karkata arewa. Ya fi sauƙi ku tsara Azahar da La'asar a kan yashin Tarkwa Bay. Ku riƙe ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowa, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa bayan awa biyu. Baƙar fata ma tana ƙuna, bayan wuya da bayan ƙafa suka fi shan ta.

Tambaya: Ko a mota ina amai. In haƙura da tafiyar? Daga wani direban babbar mota mai ritaya, Alaba Rago.

Amsa: Ba sai ka haƙura ba, Baba. Jirin na zuwa ne idan kunne na jin motsi ido kuma bai gani ba. Zauna a tsakiyar jirgi, a sarari, ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ka shiga ɗakin ƙasa, kada ka duba waya, ka nisanci hayaƙin inji. Ka karya da abu marar maiƙo, ba ciki wayam ba, ba kuma ƙosai da soyayyen ƙwai ba. Citta na taimaka wa wasu. Maganin Stugeron, babba kan sha miligiram 30 awa biyu kafin hawa, in an jira sai jiri ya fara ya makara. Yana sa barci, don haka wanda ya ji jikinsa ya mutu kada ya shiga ruwa, kuma mai shan wasu magunguna ya fara tambayar likita. Ka roƙi matuƙi ya tsaya a cikin tashar da Tarkwa Bay, kada ya fita bayan katangun duwatsu, can ne manyan igiyoyi suke. In aman ya zo, ka nufi gefen da iska ke fita, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen jirgi, wani ya kama rigarka ta baya.