Amsar Yaya kan rumbun karatun aji

Assalamu alaikum. Ƙanwata shugabar aji, na saurari muryarki tun da safe, ina cikin keke ne wajen Kawo, hayaniya ta hana ni amsawa. Kin ce kuna son tara karatun kwasa-kwasanku wuri ɗaya a intanet, kuma kina tambaya ko ku buɗe sabon guruf ne kawai kowa ya riƙa turo abin da yake da shi. To, don Allah kar ku yi haka. Mu da haka muka fara, mun kuma ga ƙarshensa.

A 2022 ne, lokacin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, da ya kwashe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Muna zaune a gida karatu yana zubewa, sai muka buɗe guruf. Kafin sati biyu ya cika maƙil: hoton allo wanda kan wani ya tare rabin lissafin, handawut guda an turo shi sau biyar, ga sanarwar biki da ta'aziyya a tsakani. In kina neman lakcar sati na uku sai yatsanki ya gaji da ja. Wanda ya shigo daga baya kuma ba ya ganin komai na baya. Wayar wasu ta cika, suka goge duka.

Sai muka koma Google Drive. Yana ba da gigabait 15 kyauta, kuma rubutu ba ya cin wuri, bidiyo ne mai ci. Kowane kwas da foldarsa, kowane sati da shafinsa. Amma ki ji ni da kyau, ba foldar ce ta taimake mu ba. Abin da ya taimake mu shi ne rabon aiki. Kowace lakca mutum biyu ke da ita, su zauna su rubuta ta da bakinsu, yadda suka fahimta, ba kwafar littafi ba. Inda Turancin ya yi tsauri su sa bayani da Hausa a ƙasa. Sannan mutum na uku, wanda bai sa hannu a rubutun ba, ya bi layi-layi da littafi a gefensa. Sai ya gama ake sa sunayen su ukun da kwanan wata a saman shafin.

Mutum na ukun nan, wallahi da hawaye muka koyi darajarsa. A kwas ɗin lissafi na MTH 102 wani ya rubuta amsoshin tambayoyin jarrabawar baya, wajen difarenshiyeshan na cos x ya sa sin x, ya manta da alamar debewa. Ɗan layi ɗaya. Ba wanda ya duba, don yaron haziƙi ne, kowa ya yarda da shi. Mutane suka haddace haka. Ranar gwaji na ga wata ƙawata ta fito ta zauna a kan dakali tana juya takardar tambayar, ta yi duk matakan daidai, alamar nan kaɗai ta kayar da ita. Har yau abin yana min ciwo. Tun daga ranar, amsar da ba a duba ba muna rubuta mata "ba a tantance ba" da jan rubutu. Kuma Google Docs, inda ake rubuta shafukan a cikin Drive, yana ajiye tarihin gyara, kina iya ganin wanda ya canza me da lokacin da ya canza, ki mayar da na da in an ɓata.

Ki kula da shekara ma. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu, CCMAS, a ƙarshen 2022, lambobin wasu kwasa-kwasai da abin da ke cikinsu sun sauya. In muka ba ku namu, kar ku ɗauka ido rufe, ku gwada shi da jadawalin da malaminku ya ba ku a farkon zango.

Maganar handawut ɗin malamai, ku je ku nemi izini kafin ku ɗora, haƙƙinsu ne. Wasu za su yarda har su duba muku. Wanda ya ce a'a, ku bar nasa ku rubuta naku. Ga littattafan NOUN, jami'ar karatu daga gida, kyauta a shafinsu, ga OpenStax, shafin littattafan karatu kyauta, na lissafi da kimiyya, ku sa mahaɗinsu kawai.

Sai asusun kansa. Kar ya zama imel ɗin mutum ɗaya. Ku buɗe na aji, mutum uku su riƙe kalmar sirri, ɗaya ya kasance ɗan ajin da ke bayanku. Kuma ku tuna da masu ƙaramar waya da waɗanda data ke wa wuya, akwai 'yan ajinmu daga Rigasa da sai dare suke iya saukewa. Duk ƙarshen wata ku haɗa shafukan su zama PDF ɗaya mara nauyi, shi za ku tura guruf.

Ku fara da kwas biyu da suka fi ba ku wahala. Ranar Asabar bayan La'asar ina gida Unguwar Rimi, ki zo da mutum biyu da jadawalin kwasa-kwasanku, mu buɗe foldar tare.