In daskararriyar ƙasar Siberiya ta narke

Malam, tambayarka ita ce me zai fito in daskararriyar ƙasar Siberiya da Alaska, wato ƙasar da ke daskare shekara da shekaru a can arewacin duniya, ta narke. Iskar kabon ce. Ciyayi da saiwoyi da mushen dabbobi na dubban shekaru ne sanyi ya hana su ruɓewa, kamar nama a firiza. Da an ɗauke wuta kuwa, ka san sauran. Kabon da ke binne a daskararriyar ƙasar arewacin duniya baki ɗaya ya kai wajen tan biliyan 1,500, kusan ninki biyu na wanda ke sararin sama.

Sai dai ruwa ke raba gardama. Inda ƙasar ta tsane, bakteriya kan fitar da kabon dayoksaid. Inda ruwa ya kwanta kuwa sai iskar mithen, wadda ta fi riƙe zafi nesa ba kusa ba. Na sha caka sanda a lakar kududdufi, kumfa na ɓulɓulowa. To, irinta ce.